Shekarar da Aka Kira Ni Dabaibayi

Ku matasan yanzu kuna ganin ɗinki zama ne a inuwa, a taka keke, a jira mai kaya ya zo. Kwanan baya wani daga cikinku ya ce mini wai wando shi ne ɗinkin da ya fi kowane sauƙi, ƙafa biyu ne da mazagi. Sai da na ajiye almakashi na yi dariya mai isata. Wandon nan da kuke rainawa shi ya kusa tashi na daga Dutse, kuma ba na wani babban mutum ba ne, na 'yan ƙwallon kwando ne.

Sunana Ɗanlami. A Garu na koyi ɗinki wajen Baba Idi, tun Dutse tana ƙarƙashin Kano. Baba Idi ba ya barin sabon shiga ya taɓa keke. Sai ka gaji da hura gawayin dutsen guga, ka gaji da saka maɓalli da hannu, ka iya naɗe zare a kwarkwaro ba ya sarƙewa, sannan ya jefo maka tsumma ya ce ka bi layi. Kayan aikinmu ba yawa: baƙin keke na ƙafa, tef, alli, reza ta farke kuskure, da almakashin da idan ka yanka takarda da shi ranar ba kai ba abincin rana. Masu kawo mana ɗinki manoma ne da masu hawan dabino, don Dutse garin dabino ne. Ɗabi'ar Baba Idi ita ce ya auna mutum a tsaye, sannan ya ce masa ya tsuguna, ya tsaya yana kallo. A lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin ɓata lokaci irin na tsofaffi.

Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo daga Kano, na buɗe shagona kusa da kasuwa. Aiki ya samu: kaftani, jamfa, kayan makaranta, da siririn wando mai zif irin na ofis. Yankan Baba Idi kuwa na naɗe shi na ajiye, don babu ma'aikacin da zai saka wando mai faɗin hantsa ya shiga sakatariya.

Aikin farko da na yi wa 'yan kwando saka lamba ne a bayan riga. Wani mutum mai suna Koci Bala ya shigo da buhu, ya zazzage mini riguna marasa hannu na yadin roba mai santsi. Shi ne mai horar da ƙungiyar Walƙiya, wadda wani attajiri mai fataucin riɗi ya kafa, yana biyan yaran albashi, ba su da wani aiki sai wasan. Na ɗora rigar farko a keke, yadin ya riƙa gudu a ƙarƙashin allura, ɗinkin ya tattare kamar bakin jaka. Na farke, na sake, ya sake tattarewa. Sai da na shimfiɗa takarda a ƙarƙashi na ɗinka tare da ita, na yage ta daga baya, sannan ya kwanta. Na kuma gane cewa irin wannan yadi sai kana ɗan jan sa kana ɗinkawa, in ba haka ba da mutum ya miƙa hannu zare zai tsinke. Tun daga ranar duk wani ɗinkin ƙungiyar ya dawo hannuna.

Da haka na fara zuwa kallo. Filin na siminti ne, a bayan wani masallaci, ana wasa bayan la'asar. Ban san dokokin ba da farko, amma ko makaho ya san dalilin sunan Walƙiya. Da ƙwallo ta faɗo daga allon kwando, Dogo, wani zabgegen yaro ɗan Ringim, zai cafe ya wurga wa Auwalu ɗan Jahun, shi kuma kafin abokan hamayya su juyo ya riga ya isa ɗaya kwandon. Gajerun wandunansu a lokacin ko rabin cinya ba su kai ba. Daga Kano ake sayo su, ni dai nawa gyaran roba ne da faci.

Ainihin wasan kuma a teburin mai shayin da ke kallon shagona ake buga shi, kowace safiya. Ɓangare biyu ne. Alhaji Sale mai shinkafa, wanda ni nake ɗinka masa kayansa da na 'ya'yansa duka, shi ne shugaban masu cewa a daina guje-guje, a tsaya a ba Dogo ƙwallo a gindin kwando. Sule direba, mai jigila zuwa Jahun, shi ne na masu gudu.

"Alhaji, Allah ya ba ka barewa, ka ce sai ta yi tafiyar raƙumi?" in ji Sule.

"Kai dai direba ne, komai gudu. Ranar da kuka haɗu da masu tsaro na gaske za ka faɗa mini. Wa ya taɓa zuwa zagayen ƙarshe da tsalle-tsalle?"

Zagayen ƙarshen nan shi ne burin kowa. Ƙungiyoyin da suka zo sama a shiyyar Arewa su ake kira Legas a fitar da gwani, kuma Walƙiya ba ta taɓa zuwa ba. Kullum sai a kusa, a dawo. Ni ina daga shago ina jin su, keke yana tafiya, ban taɓa tsammanin sunana zai shiga musun ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, limamin masallacin nan ya kira mai ƙungiya da Koci Bala. Bai yi faɗa ba, bai ce a daina wasa ba. Cewa ya yi al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ga fili a bayan masallaci, ga mutane suna fitowa daga salla, a taimaka a suturta yaran. Gaskiya ya faɗa, kuma babu wanda ya ja. Mai ƙungiya ya aiko mini da bandir na yadi mai kauri, da tsohon wandon Auwalu, da saƙo cewa in bi wannan yankan daidai, in ƙara tsawo har ƙasan gwiwa, kada kuma in buɗa shi ya zama buje a yi wa yaransa dariya a garin mutane. Na auna su ɗaya bayan ɗaya a tsaye, na yanka, na ɗinka. Da suka jeru a ranar wasan farko sun yi kyau ƙwarai. Alhaji Sale har ya ɗago mini hannu daga inda yake zaune.

Sai Walƙiya ta daina walƙiya. Aka ci mu a gida, aka ci mu a waje, muka ci ɗaya da ƙyar, aka sake cin mu. Dogo zai cafe ya wurga kamar kullum, amma kafin Auwalu ya isa an riga an tare hanya. Koci ya ga gudu ya ƙi, ya koma salon Alhaji Sale, a tsaya a nemi Dogo. Abokan hamayya suka gane, suka riƙa sa mutum biyu a kansa, yaro ya rasa inda zai juya. Masu jifa daga nesa kuma sai ƙarfen kwando suke duka.

Teburin shayi ya kama da wuta. Sule ya ce Koci ya ji zugar Alhaji ya kashe ƙungiya. Alhaji ya ce Auwalu ne ya yi ƙiba tun da ya yi aure. Wani ya ce sammu ne. Ana cikin haka wata safiya Sule ya buga kofi a tebur.

"Ku tsaya! Wai ba wanda ya lura da hannun Auwalu? Kafin ya zabura sai ya kai hannu ya ja wando sama. Duk yaran haka suke yi. Ba koci ba ne, ba ƙiba ba ce. Dabaibayi aka yi musu, ga mai dabaibayin can yana taka keke!"

Duk suka juyo suka kalli shagona. A karo na farko tun da na san su, Alhaji Sale da Sule suka yarda da magana ɗaya.

Suna ya bi ni. Dabaibayi a kasuwa, Dabaibayi a tasha. 'Yan acaɓa idan sun wuce sai su rage gudu su ce, "Tela, a kwance mana yara!" Ku da ba ku daɗe a sana'a ba, ku sani tela ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Wanda bai taɓa ganin ƙwallon kwando ba ma ya ji an ce wandon Ɗanlami yana ɗaure ƙafa. Wata makaranta da nake yi wa kayan ɗalibai ta kai wani wuri. Azumi yana matsowa, lokacin da ya kamata a ce shago ya cika da yadi har ba wurin zama, ni kuwa ina goge keke ina sake gogewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da Alhaji Sale ya shigo da kansa ya ce in ba shi shaddarsa da ya kawo, wai zai ɗan duba wani abu. Ko kunyar idona bai ji ba. Na naɗe na miƙa masa da hannu biyu. Har na fara tambayar wani abokina ko akwai shagon haya a Ringim.

Na je wajen atisaye na zauna na kalla da idon tela, kuma haushin da na ji shi ne Sule bai yi ƙarya ba. Ɗan kwando ba a tsaye yake wasa ba, a rabin tsugune yake, ƙafafu a buɗe. Gajeren wando ba ruwansa da wannan, don ya ƙare tun kafin a zo gwiwa. Nawa kuwa, da gumi ya jiƙa shi sai ya manne a ƙoƙon gwiwa, idan yaro ya ɗaga ƙafa sai ya ja tun daga ƙugu. Dole ya saki hannu ya gyara, kuma a wasan nan ƙiftawar ido ta isa a tare ka. Na ce wa Koci in rage tsawon. Ya ce, "Malam Ɗanlami, mun yi wa Liman alkawari. Gara a ci mu kullum da a ce mun tsallake maganarsa, a rufe filin gaba ɗaya." Na tsaga gefe na gwada, gwiwa ta leƙo. Na sa roba a bakin ƙafar wandon, ya fi da muni. Saura wasa ɗaya a gida, wanda idan aka ci mu Legas ta wuce, ni kuma na san da wane suna za a binne ni.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na tafi gaida Baba Idi a Garu. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ya daina ɗinki. Na same shi a kan tabarma a bakin gonar dabinonsa, wani mai hawa da ake kira Mati yana can sama yana yi masa aiki. Na zayyana masa komai. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "A tsaye ka auna su?"

Na ce, "A tsaye, Baba."

"Ka sa sun tsuguna?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya nuna sama da sandarsa. "Ni ba na gani sosai. Duba mini Mati, ka faɗa mini inda gwiwarsa take."

Na ɗaga kai. Mati ya rungume dabino, gwiwarsa ɗaya tana kusan taɓa haɓarsa, ɗaya ƙafar tana can ƙasa tana neman wurin takawa. Wandonsa ya sauko har ƙwauri, bai kuma ja shi ko kaɗan ba. Hannayensa biyu suna kan itace, don wanda ke saman dabino ba shi da hannun gyara wando.

"Ni na ɗinka masa," in ji Baba Idi. "Tsawon ba shi ne ya kama yaranka ba, Ɗanlami. Ka hana su hantsa. Ai na koya maka, kai ne ka ga na ƙauye ne."

Da Mati ya sauko na roƙe shi aron wandon. Ya ce in dai ba tsirara zan bar shi ba, in bi shi gida. Na shimfiɗa shi a teburina na bi ɗinkin da yatsa. Hantsar nan wani ƙyalle ne mai kusurwa huɗu da ake sakawa a tsakanin ƙafafu, a yanka shi a karkace yadda zai ba da kai ta kowane ɓangare. Shi ke ɗaukar buɗewar ƙafa, sai ƙugu ya zauna lafiya, bakin wando kuma ya zauna inda aka ajiye shi. Na farke wandon Auwalu, na saka masa hantsa, na buɗa cinyar yadda ba za ta manne a gwiwa ba. Wurin da ɗinki huɗu suka haɗu na bi shi na sake bi, ina ja ina ɗinkawa, don nan ne idan zai yage zai fara.

Auwalu ya ɗaga shi sama ya ce, "Haba Baba tela! Da wandon hawan dabino za mu fita gaban baƙi? Wallahi sai an yi mana waƙa."

Koci ya ce, "Ai yanzu ma ana yi mana. Saka."

Ya saka yana ƙunƙuni. Ya tsuguna, ya miƙe, ya buɗe ƙafa, ya zabura zuwa ɗaya kwandon ya dawo. Da aka tashi bai cire ba, da shi ya tafi gida. Mai ƙungiya ya ɓata rai da ya ga faɗin, sai dai shi ma Legas yake so. Sauran Liman. Na yi wa na Dogo irin gyaran, na saka shi a kan nawa, na je na same shi bayan azahar, na ce, "Allah gafarta Malam, ga shi a duba." Ya ce in yi ruku'u, na yi. Ya ce in tsuguna, na tsuguna. Ya ce in yi tsalle. Ni da furfura ta fara fito mini, na yi ta tsalle a ƙofar masallaci ladan yana danne dariya. Liman ya ce, "Gwiwa ba ta fito ba. Allah ya yi albarka." Na koma na yi na sauran yaran, kowa sai da na sa shi ya tsuguna.

Ranar wasan fili ya cika har kan katanga. Da yaranmu suka fito aka kwashe da dariya, wani ya yi ihu, "Dabaibayi ya koma buje!" Na sami gefen benci na zauna. Ku sani ni ranar ban kalli ƙwallo ba. Hannun Auwalu nake kallo, da tsakanin ƙafafun mutane, abin da ba mai hankalin da zai je fili ya kalla. Tsorona ya ma tashi daga kan a ci mu. Idan ɗinkin nan ya ɓalle a gaban Liman da duk Dutse, to ko Ringim ba za ta ɓoye ni ba.

Dogo ya cafe ta farko ya wurga. Auwalu ya zabura, hannunsa bai je ƙugu ba, ya zura ta kafin baƙin su waiwayo. Sule ya hau kan benci yana ihu. Baƙin ba kanwar lasa ba ne, suka ja da baya suka toshe gudun, sai Koci ya sa aka riƙa ba Dogo, wanda yanzu mutum ɗaya ne a kansa tunda sauran suna tsoron Auwalu. Alhaji Sale ya miƙe yana gyara hula yana cewa, "Na faɗa muku!" Haka aka yi ta yi, su ci mu ci.

Dab da tashi, muna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, Dogo ya yi tsalle ya kama ƙwallo, ya sauko a kan gumin da ya jiƙa siminti. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, ya zauna daɓas a tsakiya. Fili ya yi tsit. Kowa yana tunanin ƙashinsa, ni Allah ya gani zarena nake tunani. Na kasa kunne ina jiran ƙarar yagewa. Yaro ya miƙa wa Auwalu ƙwallo daga zaune, ya tashi ya kakkaɓe, ya juya baya ya bi su da gudu. Na duba da kyau. Ɗinki yana nan. Ban san lokacin da aka busa usur ɗin tashi ba, sai gani na yi an ɗaga Koci sama ana kiran Legas. Na sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa yin irinta ba, na zauna har fili ya watse.

Washegari na buɗe shago, na yi abin da na daɗe ban yi ba, na tsallaka titi na zauna a teburin shayi. Musu ya riga ya yi nisa.

"Gudu ne ya ci wasan nan, Alhaji, ko ka so ko ka ƙi!"

"Gudun me? Wa ya riƙe ku da aka toshe hanya? A Legas idan ba a ba Dogo ba, ranar farko za ku hau motarka ku dawo."

"Su 'yan Legas ɗin ƙafa huɗu gare su?"

Na zauna ina jira a zo kan wando. Aka yi maganar Koci, aka yi ta alƙalin wasa, aka yi ta mai jifa daga nesa da ya kamata a ajiye a benci. Aka koma kan Auwalu, Alhaji ya ce ai ya rage ƙiba ne. Har shayina ya huce ba wanda ya ambaci wando, ba wanda ya ambace ni. Ban taɓa jin daɗin a manta da ni irin na ranar ba. Wanda kaya suka yi masa daidai ba ya tuna tela, wanda suka matse shi ne ke kwana da sunanka a baki.

Alhaji Sale ya miƙe zai tafi, har yanzu yana nuna Sule da yatsa. Ya zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin babbar rigarsa ya ajiye mini a cinya, ko kallona bai yi ba. Shaddar nan ce, ko warware ta ba a yi ba.

"Ɗanlami, kafin Salla nake so," ya ce. Ya yi taku biyu ya juyo. "Wandon kuma ka ɗan sakar mini shi."

Na ce, "To Alhaji. Amma sai ka zo shago ka tsuguna na gani."